Na samu gida, amma zai cinye duk abin da na tara: in saya ko in ci gaba da haya?

Abban_Husna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Shekara 9 ina tara kuɗin gida, ni da iyalina da yara biyu muna haya. Bana mai gidan ya sake ƙara mana kuɗi, karo na uku a shekara huɗu. Sai ga wani dillali ya nuna mini gida mai ɗaki uku, ginin ya kai shekara 20 amma an yi masa sabon fenti, tsaf da shi. Abin da na tara zai biya kashi 70 cikin 100 na kuɗin, ba zai rage mini ko sisi ba. Ragowar ko dai banki, ko in roƙi yayana. Dillalin ya ce akwai mutum biyu da ke zawarcin gidan, in ban ajiye kafin alƙalami zuwa Juma'a ba shi ke nan. Ni a ganina kuɗin haya zubar da kuɗi ne kawai, gara in ƙuntata in mallaki nawa. Uwargida kuma ta ce in bi a hankali. Waɗanda suka riga mu saye, me kuka tarar bayan an miƙa muku makulli?

Kawu_Direba:
Wa alaikumus salam. Saya kawai ɗana. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ranar da na kwana a gidana na farko ko labule babu, amma barcin da na yi ban taɓa irinsa ba.

SarkinShakka:
"Akwai mutum biyu da ke zawarcin gidan." Hahaha. Malam, waɗannan mutum biyun suna nan tun kafin a haife ka, kuma har yau ba su sayi gida ko ɗaya ba.

Maman_Tagwaye:
Abban Husna, ka saurari matarka. Mu ma haka muka yi, muka juye komai a kan gida, muka tare da murna. Ruwan farko da aka yi silin ɗin ɗakin yara ya jiƙe, na biyu ya rufto. Da kafinta ya hau sai ya tarar gara ta cinye katakon rufin ɓangare guda, kwanon ma duk ya yi tsatsa a bakin ƙusoshi. A gidan haya da waya kawai zan ɗauka in kira mai gida, ko zai ja rai dai nauyinsa ne. Yanzu wa zan kira? Mu ne masu gidan. Sai da na sayar da abin wuyana aka gyara. Ban yi nadamar sayen ba, amma na yi nadamar shiga da aljihu wayam.

Injiniya_BK:
Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rubutunka: sabon fenti. Ba laifi ba ne mai sayarwa ya gyara kayansa, sai dai fenti shi ne abu mafi araha da ke rufe aibi mafi tsada. Kafin ka ba da ko kwabo, ka biya wanda ya san gini, wanda kai ka nemo shi ba dillali ba, ku zagaya gidan da rana tsaka.

Ga abin da nake dubawa idan aka kai ni. Ina fara da ƙasan bango, daga daɓe zuwa kamar mita ɗaya. In fenti ya yi bororo, ko filasta tana marmashewa, ko ka ga wani farin gishiri-gishiri ya fito, danshi ne ke hawowa daga ƙasa. Wannan fenti ba ya maganinsa, bayan wata shida zai dawo. Sai tsagewa. Siririya kamar gashi a jikin filasta ba ta tayar mini da hankali, kusan kowane gini yana da ita. Wadda nake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo kamar matakala, musamman in ta fi faɗi a gefe ɗaya ko ta wuce milimita 5. Ita ke nuna harsashin ginin yana motsi. Ƙasa mai yumɓu tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, ginin da ke kanta yana hawa yana sauka da ita duk shekara. Ka buɗe kowace ƙofa ka rufe, wadda ke cijewa tana ba ka labari.

Sannan ka sa a buɗe silin a leƙa da tocila. Hasken rana in yana shigowa ta kwano, ruwa ma zai shigo. Mutane suna raina ruwan sama: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce cif. Rufi mai murabba'in mita 100 in aka yi ruwan milimita 30, lita 3,000 ce ke sauka a kansa. Tambayar ita ce ina take zuwa? In gindin bango take taruwa, ka san inda danshin ya samo asali.

ƊanBirkila:
Injiniya ya gama magana. Ƙari ɗaya: ka ƙwanƙwasa tayil da makulli. In ya yi ƙarar fanko, ƙarƙashinsa rami ne. Kuma ka tambayi inda ramin masai yake da ranar da aka yi kwasarsa ta ƙarshe. Ba wanda ke tambayar wannan sai ya tare.

Mai_Lissafi:
Ni maganar "haya zubar da kuɗi ne" nake so in taɓa, don ita ce ke tura mutane da yawa cikin rami. Mai gida ma yana da kuɗin da yake zubarwa, waɗanda ba sa dawowa har abada: kuɗin ruwa, gyara, haraji, inshora, la'adar dillali, kuɗin lauya da na rajista. Su ya kamata ka auna da kuɗin hayarka, ba farashin gidan ba.

Bari in ba da misali da lamba, a kowane irin kuɗi kake so. Ka ranci 100,000 da ruwa kashi 10 a shekara, za ka biya cikin shekara 20. Duk wata za ka riƙa ba da kusan 965. A watan farko, 833 daga ciki kuɗin ruwa ne, 132 kacal ke rage uwar kuɗin. Bayan shekara 5 ka biya kusan 57,900, amma har yanzu ana bin ka wajen 89,800. In ka kai ƙarshe, jimillar abin da ka biya ya kusa 232,000. Wannan bashin dai in ka biya shi a shekara 10, na wata zai hau zuwa 1,320 da 'yan kai, amma jimilla ta sauko wajen 159,000. Tsawon lokaci shi ke cin mutum, ba girman bashin kaɗai ba.

Kai naka da sauƙi tunda kashi 30 kawai ya rage. Amma ka tambayi abu biyu: ruwan tsayayye ne ko mai canzawa? Kuma in ka samu kuɗi ka so biya da wuri, akwai tara?

Malam_Alƙalami:
Mai_Lissafi, lissafinka ya fita, amma ka tsallake babbar magana. Ga Musulmi matsalar kuɗin ruwa ba yawansa ba ce. Aya ta 275 a Suratul Baƙara a fili take, Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, wato kuɗin ruwa. Abban Husna, kada ɗokin gida ya sa ka fara rayuwar iyalinka a kan abin da zuciyarka ba za ta natsu da shi ba. Akwai murabaha, inda banki zai sayi gidan ya sayar maka da ribar ciniki sananna, farashi ɗaya da ba ya ƙaruwa. Akwai kuma musharaka mutanaƙisa: ku mallaki gidan tare, kana biyan hayar kason bankin, kana sayen kason nasa kaɗan-kaɗan har ya zama naka duka.

SarkinShakka:
Malam, da girmamawa, in ka haɗa jimillar abin da ake biya a murabahar, ba ta da nisa da na ɗaya bankin. Suna kawai aka sauya.

Malam_Alƙalami:
Kusancin jimilla ba ya mayar da ƙulla ciniki ya zama rance. Bambancin yana cikin wanda ya mallaki kayan kafin sayarwa da wanda ya ɗauki hasara in kayan ya lalace a hannunsa. Na yarda akwai wuraren da ake yin abin a takarda kawai, shi ya sa ake karanta yarjejeniya a kai wa masani. Amma kada mu karkatar da zancen bawan Allah.

Gwaggo_Asabe:
Duk kun tafi banki kun manta ya ce yana da yaya. Ɗana, in yayanka zai ba ka, karɓi nasa. Sai dai ku rubuta. Nawa ne, yaushe za a biya, rance ne ko ya shiga cikin gidan da kaso. Ku sa shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, ba a banza ba. Na ga gidan da wa ya taimaki ƙane babu takarda, bayan rasuwar wan 'ya'yansa suka ce ubansu yana da rabin gida. Yau shekara nawa ba sa gaisawa.

Lauya_Zee:
Tunda Gwaggo ta kawo zancen magada, bari in shigo. Abban Husna, ba ka faɗa mana abu mafi muhimmanci ba: wa ke sayar da gidan? Mai shi da kansa, ko wakili, ko magada? Gini ana gyara shi, takarda in ta lalace ba birkilan da zai ɗora ta.

Kada ka tsaya a kan takardar da aka nuna maka. Ka ɗauki lambarta, lauyanka ya je ofishin rajistar filaye ya bincika: sunan wa ke kai, an jinginar da gidan ga wani banki, akwai shari'a a kansa, akwai bashin haraji. Gidan da ke jingine, bashin yana bin gidan ne, ba ya bin wanda ya gudu da kuɗinka. In na magada ne, sai kowane mai haƙƙi ya sa hannu ko a ga hukuncin rabon gado. Ɗan'uwa ɗaya da ke wata ƙasa wanda ba a tuntuɓa ba ya isa ya tsayar da kai a kotu shekaru. Safiyo kuma ya auna iyaka, a tabbatar katangar tana inda zanen ya ce, ba ta ci hanya ko filin maƙwabci ba.

Ka kuma san me kake saye, ƙasar ce har abada ko izinin zama na wasu shekaru. Dokar ƙasashe ta bambanta. A Singafo galibin mutane suna cikin gidajen da hukuma ta gina, sun saya da kuɗinsu, amma na shekara 99 ne. A Ingila ma yawancin gidajen bene masu hawa-hawa a kan wa'adi ake sayensu, kuma wa'adin in ya ragu sosai darajar gidan tana faɗuwa.

Batun kafin alƙalami: in dole ne, a rubuta cewa za a dawo maka da shi idan bincike ya nuna matsala. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin ya ba ka amsa.

Abban_Husna:
Na gode ƙwarai. Lauya, gaskiya ban ga mai gidan ba tukuna, dillalin ya ce na wasu 'yan uwa ne su huɗu, mahaifinsu ya rasu, babban ne ke magana da yawunsu. Hoton takardar kawai ya turo mini a waya. Yanzu da kika faɗa jikina ya yi sanyi.

Lauya_Zee:
Ba cewa na yi akwai cuta ba, gidajen magada da yawa lafiya lau ake sayensu. Amma hoton takarda a waya da mutum ɗaya mai magana da yawun huɗu, zuwa Juma'a? Cinikin biri a sama ke nan. Ka nemi zama da su huɗun, ka kuma tambaya ko mahaifiyarsu tana raye, don ita ma tana da kaso.

Kawu_Direba:
Ku dai kuna ta tsorata yaro. Mu da muka saya ba injiniya ba lauya, ga mu nan lafiya. Ƙasa ba ta faɗuwa, kullum sama take yi. Abin da ya ƙi saya bana, baɗi ba zai iya ba.

Tsohon_Akawu:
Kawu, Allah ya rufa maka asiri ne, amma "ƙasa ba ta faɗuwa" ba doka ba ce. Haka mutanen Amurka suka yi ta faɗa kafin 2008. Bankuna suka riƙa ba da bashin gida ga waɗanda ba za su iya biya ba, da ruwa mai sauƙi a shekarun farko wanda ke tashi daga baya, kowa yana cewa ai in ta ɓaci sai a sayar a ci riba. Farashi ya kai ƙololuwa a 2006, daga nan ya gangaro, kafin 2012 ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Miliyoyin iyalai aka ƙwace wa gidaje, wasu kuma suka wayi gari bashin da ke kansu ya fi darajar gidan. Bankin Lehman Brothers da kansa ya rushe a Satumbar 2008. Japan ma farashin ƙasa ya fara faɗuwa a farkon shekarun 1990, ya shafe fiye da shekara goma yana sauka.

Kan ruwa mai canzawa da Mai_Lissafi ya ambata: kuɗin ruwan babban bankin Ingila yana kan kashi 0.1 cikin 100 a farkon Disambar 2021, a Agustan 2023 ya kai 5.25. Mutumin da albashinsa bai motsa ba, gidansa bai ƙara ɗaki ba, sai ga biyan wata ya yi tsalle.

Kuma haya ba abin kunya ba ce. A Jamus fiye da rabin gidaje 'yan haya ne ke ciki, ba don talauci ba, doka ce ta kare ɗan haya har mutum yake shekara 30 a gida ɗaya hankali kwance.

Maman_Tagwaye:
To ai matsalar ke nan Baba Akawu, inda doka ba ta kare ka ba fa? Mu sau huɗu muna tashi a shekara bakwai. Kowane tashi sai an fasa wani abu, sai an canza wa yara makaranta. Akwai wanda ya ba mu wata ɗaya wai ɗansa zai yi aure. Wannan wulaƙancin ba ya shiga lissafin Mai_Lissafi.

Mai_Lissafi:
Hajiya, na sallama, ba ya shiga. Natsuwa tana da daraja, kuma kowa shi ya san nawa zai biya a kanta. Ni dai abin da nake cewa a san ana biya. Masu harkar gidaje suna da wani ƙiyasi na a ware kamar kashi 1 cikin 100 na darajar gida duk shekara don gyara, tsohon gini ya fi haka. Ba kowace shekara za ka kashe ba. Shekara uku shiru, ta huɗu rufi da famfo da wayarin su haɗa baki su zo tare.

Uwar_Gida77:
Ba wanda ya yi maganar maƙwabta! Gida kana iya rushe shi ka sake, maƙwabci fa? Namu gidan ba abin da ya same shi, amma bayanmu akwai mai injin da ke tashi tun asuba, na gefe kuma ya juyo da bututun ruwan wankinsa jikin katangarmu. Shekara biyu muna sulhu. Da haya muke da tuni mun tattara. Ka je unguwar da dare, ka je da sassafe lokacin fita aiki, ka je ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka ga inda yake kwanciya. Ka tsaya ka gaisa da tsofaffin layin, su za su gaya maka abin da dillali ba zai faɗa ba, har dalilin da ya sa ake sayarwa.

ƊanBirkila:
Gaskiya ne Hajiya. Ka duba katangun maƙwabta ma, su ba a yi musu sabon fenti ba. In ka ga layin ruwa a jikinsu kamar an ja da alli, ka san iya inda ambaliya take kaiwa.

Bature_Baƙi:
Tambaya a gefe don Allah, ni ma ina kan hanya. Ba gara mutum ya sayi fili ya gina a hankali ba? Aƙalla ka san abin da ke cikin bangonka.

Injiniya_BK:
Ka sani ne in kana tsaye a wurin. In ba ka nan, buhun siminti da ya kamata ya yi bulo kaza sai a ja shi ya yi ninki, rodi a rage masa kauri, dekin da ke buƙatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa a cire masa katako tun bai kai ba don ana sauri. Ga kuma biyan haya da gini a lokaci guda, ga kayan gini da ke tashi kana tsaka da aiki. Gini a hankali yana da daɗi ga mai haƙuri da lokaci. Kangon da ya shekara biyar ba rufi yana shan ruwa da rana, shi ma tsufa yake yi. Ka buɗe wannan a zare na daban, zance ne mai tsawo.

SarkinShakka:
Ni har yanzu ina jiran labarin mutum biyun nan.

Tsohon_Akawu:
Mu koma kan tambayarsa. Abban Husna, abin da zan so ka amsa wa kanka: shekara nawa kake ganin za ka zauna a garin da kake? In aikinka na iya ɗauke ka nan da shekara biyu ko uku, la'ada da kuɗin takardu na saye da na sayarwa za su cinye duk ƙarin da gidan zai yi. Gida ba ya sayuwa ranar da kake so, sai ranar da mai saye ya zo. Na biyu, bayan ka biya komai, kuɗin cefanen wata nawa zai rage a hannunka in albashi ya tsaya? In amsar babu ce, gidan nan ya fi ƙarfinka da kaɗan, ko da kuɗinsa ya yi daidai da abin da za ka iya haɗawa. Nemi ragi, ko nemi mai ɗaki biyu.

Kawu_Direba:
Mai ɗaki biyu da yara suna girma, mace da namiji? Nan da shekara biyar ya sake shiga kasuwa ke nan. Ni dai na faɗi nawa.

Abban_Husna:
Ga inda aka kwana. Na kira dillali na ce ba zan ba da komai ba sai na zauna da magadan kuma an duba gini. Ya yi ta faɗa, ya kashe waya. Bayan awa biyu ya kira da kansa ya ce Asabar ta yi? SarkinShakka, ban ji ya ƙara ambaton mutum biyun ba.

Jiya da yamma na koma ni kaɗai. Wani dattijo a layin ya ce ruwa ba ya shiga gidan, amma mahaifiyar yaran tana raye kuma bai tabbata tana son a sayar ba. Na kuma lura ƙofar ɗakin baya tana cijewa, sai an sa kafaɗa. A saman tagar ɗakin akwai wurin da filastar ta fi sauran sabunta, faɗin tafin hannu, ta tafi a karkace zuwa kusurwa. Yayana ya ce zai iya ba ni rabin abin da ya rage, ba duka ba.

Gwaggo_Asabe:
Uwar nan ita ce maganar. Ka je ka gaishe ta da kanka, kai da matarka, ba tare da dillali ba.

Injiniya_BK:
Ɗauko mini hoton wurin daga ciki da waje, ka sa makulli a gefe don in ga girmansa. Ka duba ko akwai babbar bishiya ko ramin masai kusa da wannan kusurwar. Ranar Asabar kuma ka tafi da tsani.